Tsohon Cocin Wusasa Da Maganar Gine-ginen Ƙasa Na Wurno

Cikin shekara ta 2029, in Allah ya kai mu, tsohon cocin nan na ƙasa da ke Wusasa, kusa da birnin Zariya, zai cika shekara 100 da kafawa. Mun san ba za a rasa mai karatu a Wurno, ko Rabah, ko Goronyo ba, wanda zai ɗaga kai daga takarda ya ce, "To, mu ina ruwanmu? Mu Musulmi ne, jikokin mutanen ribaɗi, Zariya kuwa tafiyar yini ce a mota." Tambayar tana kan hanya, ba mu kuwa ga laifin mai yin ta ba. Amma muna roƙonsa ya yi haƙuri ya bi mu zuwa ƙarshe. Batun addini kowa ya san nasa, ba shi ya kawo mu ba. Abin da ya kawo mu tubali ne da azara da makuba, da hannuwan da suka san yadda a ke haɗa su har su zama soro. Waɗannan hannuwa suna ƙarewa a Zazzau, suna kuma ƙarewa a gabashin Sakkwato, ranar da suka ƙare kuwa coci da masallaci da hubbare da zauren hakimi duk hasara ɗaya za su yi.

Yadda Mishan Suka Zo Zazzau

Labarin ya faro ne tun cikin 1900, shekara uku kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato. A wannan shekara wata ƙungiya ta Cocin Ingila, wadda a ke kira C.M.S., ta aiko da mutum biyar ƙarƙashin Bishof Tagwel, suka taso daga Ikko da nufin su zauna Kano. A cikinsu akwai wani saurayin likita, Walta Mila, wanda ya riga ya je Tarabulus ya koyi Hausa wurin Hausawan da ke can. Da suka isa Kano, Sarkin Kano Alu ya ƙi karɓarsu, ya ba su 'yan kwanaki su fice masa daga gari. Suka juyo kudu suka yada zango a Girku, cikin ƙasar Zazzau, inda ɗayansu ya mutu, sauran kuma ciwo ya ci ƙarfinsu. Likita Mila ne ya nace. Cikin 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, ya sami wuri a cikin birnin Zariya, a unguwar Durumin Maigarke, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta.

Zaman nan na cikin birni bai kwanta wa kowa a rai ba. Gwamna Lugga ya riga ya yi alkawari a Sakkwato cikin watan Maris na 1903 cewa Gwamnati ba za ta sa hannu cikin addinin jama'a ba, saboda haka manyan Turawan mulki suna ganin Mishan a tsakiyar birnin Musulmi kamar ƙaya ce a ƙafar wannan alkawari. Malaman birni kuma ba su so. Mutanen da Likita Mila ya samu ba su da yawa, mafi ƙarfinsu kuwa daga Isawa ne, watau mabiyan wani Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano cikin ƙarni na 19 saboda abin da ya ke koyarwa game da Annabi Isa. Waɗansu daga cikin zuriyar mabiyan nasa suka zo wurin Mila cikin 1913, aka kafa musu ƙauye a Gimi, ciwon barci ya faɗa musu ya kashe da yawa, sauran suka watse, waɗansu suka komo Zariya.

A ƙarshe, zamanin Sarkin Zazzau Ibrahim, aka daidaita a kan Mishan su fita daga birni. Aka yanka musu fili a Wusasa, a gindin duwatsu, ba nisa da Kufena. Cikin 1929 suka tashi suka koma can ƙarƙashin wani limaminsu mai suna Gai Bulen. Likita Mila kuwa ya nufi Kano ya ci gaba da aikin juya Littafinsu zuwa Hausa, wanda aka buga cikakke cikin 1932. Shi ya rasu cikin 1952. A Wusasa aka kafa asibiti, aka kafa makaranta, aka kuma gina coci, aka sa masa sunan Bartalamawas, ɗaya daga cikin almajirai 12 na Annabi Isa. Shi ne a ke ce wa Sen Batolomi.

Ƙauyen ƙarami ne, amma ya fid da mutanen da kowane malamin makaranta ya san sunansu. Akwai Likita R. A. B. Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likita irin na zamani, shi ne kuma ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa da aka yi taronta a Kaduna cikin 1949. Akwai Farfesa Ishaya Audu, wanda ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Akwai John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Dokta East. Janar Yakubu Gowon, Shugaban Ƙasa daga 1966 zuwa 1975, a nan ya tashi, mahaifinsa ma'aikacin Mishan ne. Cikin 1997 kuma aka mai da Wusasa mazaunin Bishof mai cin gashin kansa.

Ginin Kansa

Abin da ya bambanta wannan coci da sauran shi ne ba a ɗauko fasalinsa daga Ingila ba. A Ikko da Abekuta da Anaca Mishan sun yi gine-ginensu da dutse da bulo, da dogayen tagogi masu tsini, kamar an ciro su daga ƙauyen Turawa an dasa. A Wusasa kuwa maginan Zazzau aka kira, suka yi abin da suka gada. Wanda ya hango shi daga nesa, da kaurin bangonsa da zankwayensa, zai iya ɗauka zauren wani babban basarake ne. In ya shiga ciki ya ɗaga kai, bakan gizo zai gani irin wanda ya saba gani a tsofaffin masallatai da sorayen fada. Ko talauci ne ya sa Bulen ya zaɓi ƙasa, ko so ya ke mutanensa su yi ibada a ɗakin da ya yi kama da gidan ubanninsu, mu dai a ganinmu ya yi dabara, don ginin da mutanen wuri suka iya yi shi ne ginin da za su iya gyarawa.

Bari mu ɗan tsaya a kan wannan sana'a, don yaranmu da yawa sun tashi cikin bulo da kwano, ba su san sunan kome a cikinta ba. Da fari a kan haƙo jar ƙasa, a jiƙa ta, a tattake da ƙafa tare da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake tattakewa. Daga nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana. Magini ya kan jera shi kai sama, ya cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya fara bango da kauri ƙwarai a gindi, yana hawa yana rage shi. Wannan kauri shi ke tare zafin rana da yini, ya saki ɗumi da dare, shi ya sa soro ya ke da sanyi da bazara, da ɗumi da hunturu, abin da ɗakin kwano bai taɓa yi wa kowa ba.

Wahalar tana wurin rufi. Itacen da a ke dogara da shi azara ce, watau tsagin kututturen giginya, wanda gara ba ta cika cinsa ba. Amma azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce kamar ƙafa 6. To, yaya za a rufe ɗakin da zai ci mutum ɗari? A nan ne gwanintar ta ke. Magini ya kan dasa azara cikin bango tun daga ƙasa, ya karkato ta ciki kaɗan, ya ɗaure wata a kanta da igiya ta zarce ta, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe, sa'an nan ya ƙara wata, haka haka daga wannan bango da wancan, har ƙafafun biyu su haɗu a sama. Shi ne bakan gizo. In aka gitta baka da baka suka raba rufin gida-gida, an yi ɗaurin guga ke nan. A kan waɗannan a ke shimfiɗa gajerun azara, a sa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a fid da tulluwa yadda ruwa zai gangara zuwa indararo. Babu ƙusa, babu ƙarfe, babu takardar zane. Ma'aunin duka yana cikin idon magini da tafin hannunsa.

Sa'an nan sai kariya daga ruwa. Ana yaɓe bango da makuba, wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa. Rufi kuwa da wuraren da ruwa ya fi duka a kan shafe su da laso, wanda a ke haɗawa da katsi na marina, da gashin jima na majema, da dafara. Ku lura da wannan, don a nan matsalar ta ke ɓoye. Magini ba ya tsayawa shi kaɗai. In marina ta mutu babu katsi, in majema ta tashi babu gashin jima, in aka sare giginya ba a dasa wata ba babu azara, giginya kuwa sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta isa tsagawa. Sana'a huɗu ko biyar ke riƙe da soro ɗaya. Kuma ginin ƙasa kamar doki ya ke, kullum yana bukatar mai kula. In an duba shi kowace shekara bayan damina, an toshe tsaga, an share indararo, sai ya ga jikokin jikoki. In aka yi damina uku ba a waiwaye shi ba, ta huɗu ita za ta kwantar da shi.

Abin Da Ya Faru A Zariya

Wanda ya ke ganin wannan zance na masu sha'awar tsofaffin kaya ne, ya tuna da ran Jumma'a 11 ga Agusta, 2023. A ran nan, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na Babban Masallacin Jumma'a na Zariya ya rufto a kan masallata, mutane da dama suka rasu, Allah ya jiƙansu. Fadar Zazzau ta bayyana cewa an ga tsaga a bango kwana ɗaya kafin abin ya auku, ana shirin kawo injiniyoyi ke nan. Wannan masallaci kuwa shi ne kan gaba cikin dukan gine-ginen ƙasa na Hausa. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina shi zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, cikin shekarun 1830, masana gini na ƙasashen duniya sun zo sun auna bakunansa sun rubuta littattafai a kansu. Cikin shekarun 1970 aka kewaye shi da sabon gini na siminti, da kyakkyawar niyyar a kāre shi.

Ba mu ne za mu yanke hukunci a kan abin da ya kayar da shi ba, wannan aikin masu bincike ne. Amma akwai abin da kowane tsohon magini zai gaya maka kyauta. Ƙasa tana shan laima tana fitarwa. In ka shafe bangon ƙasa da siminti, ruwan da ya shiga ta 'yar tsaga ba shi da hanyar fita, sai ya zauna ciki yana cin tubali da gindin azara, a waje kuwa bango sumul kamar lafiya lau. Mai gida ya daina yaɓen shekara don yana tsammani ya huta, ashe ya rufe idon da zai ga ciwon ne. Mun sha ganin haka a gidajen talakawa, ɓawon siminti ya ɓare gaba ɗaya kamar ɓawon rogo, a tarar da ramin gara a baya.

Da ma gine-ginen irin wannan ba su da yawa. Tsohon masallacin ƙasa na Kano an rushe shi, aka gina na yanzu wanda aka gama cikin 1951. Masallacin Shehu da na Bello a Sakkwato an sāke su da siminti cikin shekarun 1960. Ba mu ce an yi laifi ba, jama'a ta yi yawa, tana kuwa bukatar wurin salla mai faɗi. Amma sakamakon shi ne yau wanda ya ke so ya nuna wa ɗalibi babban ɗakin taro mai bakan gizo, sai ya ƙidaya wuraren da yatsun hannu. Har ta kai wani Bature ɗan ƙasar Folan, Dimokoski, ya sa aka gina kwaikwayon masallacin Zariya da ganuwar Kano a gidan tarihi na Jos, don kada fasalin ya ɓace. Cocin Wusasa yana cikin 'yan kaɗan da suka rage a inda aka gina su. Shi ya sa mu ke cewa darajarsa ta wuce ta masu ibada a cikinsa. Maginan Zazzau suka yi shi, Musulmi ne kuwa galibin masu wannan sana'a, don haka gādon Hausawa ne duka.

Yadda Ingila Ke Riƙon Nata

Tun da cocin na Angilikan ne, ya kamata mu duba yadda uwar ƙungiyar ta ke yi da tsofaffin ɗakunanta a gida, don akwai abin koyo ga akawu musamman. Cocin Ingila yana da ɗakunan ibada kimanin 16,000, da yawansu a ƙauyuka, waɗansu sun haura shekara 800. Akwai na wani ƙauye mai suna Eskom, a arewacin ƙasar, wanda aka gina cikin ƙarni na 7, har yanzu yana tsaye. Mutum zai ce ai dutse ne, dole ya daɗe. Amma dutse ma yana faɗuwa in rufi ya yi yoyo, Ingila kuwa ƙasar ruwan sama ce. Abin da ya tsai da su takarda ce da alƙalami. Tun cikin 1538 aka umurci kowane coci ya ajiye littafin da za a riƙa rubuta wanda aka yi wa baftisma, da wanda ya yi aure, da wanda aka binne. Kowace shekara jama'ar ƙauye su kan zaɓi mutum biyu su zama wakilan ginin, su ne masu amsa tambaya a kan rufi da bango da kayan ciki, suna da littafin da a ke shigar da kowane gyara. Ba mai ikon ya fasa taga ko ya sāke daɓe sai da izini a rubuce daga kotun cocin. Cikin 1955 kuma aka yi doka cewa kowace shekara 5 sai masanin gini ya zo ya duba coci daga tushe har rufi, ya rubuta abin da ke bukatar gyara nan da nan, da abin da zai iya jira.

Babu wani sihiri a ciki. Mutum ne aka ɗora wa nauyi da sunansa, da littafi, da ranar dubawa da ba ta wucewa. Da a ce kowane tsohon masallaci namu yana da waɗannan uku, da tsaga ba ta kai kwana ɗaya kafin faɗuwa ba sa'an nan a gan ta.

Mu ma a da muna da irin namu. Zamanin En'e, kafin a sāke tsarin ƙananan hukumomi cikin 1976, kasafin Baitulmali yana da kan kuɗi na gyaran gine-gine, Sarkin Magina kuma yana da matsayi a fada, da an gama kaka sai a ga yaransa a kan sorayen ofis da kotu da makaranta. Ba mu manta ba cewa wani sashe na aikin da fursunoni a ke yinsa, wani kuma da gayyar da talaka ba shi da ikon ƙi, ba kuwa muna kiran a komo da wannan ba. Amma da aka zubar da tilas ɗin, sai aka haɗa har da dubawar aka zubar.

Mu Komo Gida

Yanzu sai mu juyo ga mai tambayarmu na Wurno. Garinku Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa shi ribaɗi, a nan ya zauna, a nan ya rasu cikin 1837, a nan hubbarensa ya ke, mutane suna zuwa ziyara daga nesa. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, a nan ya fi zama, a zamaninsa ne Baturen nan Bat, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Wurno cikin 1853 ya yi makonni. Sarkin Musulmi Abdurrahman ma a Wurno ya ke har rasuwarsa cikin 1902. Watau shekaru da yawa daga wannan gari a ke aika takardu zuwa Kano da Bauci da Adamawa. Garin da ya riƙe wannan matsayi ba ya rasa ganuwa da ƙofofi da zauruka da masallatan unguwa waɗanda suka girmi cocin Wusasa nesa ba kusa ba. Rabah kuma a nan aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, a nan ya fara hakimci cikin 1934, bayan ya yi karatu a Kwalejin Katsina, wadda ita ma ginin ƙasa ce, an kuwa sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa. Tambayarmu ita ce, a cikin ofisoshin ƙananan hukumomin nan uku, akwai littafi ko ɗaya da aka jera tsofaffin gine-ginen da suka rage, da wanda ya gina su, da mai kula da su? In akwai, muna so mu gani. Dokar kayan tarihi ta farko an yi ta tun 1953, hukumar da ke riƙe da aikin a yanzu kuma an kafa ta cikin 1979, amma hukumar da ke Abuja ba ta iya sanin zauren da ke bayan kasuwar Wurno sai wani na wurin ya rubuta mata.

Akwai masu suka iri biyu, dukansu kuwa suna da hujja. Na farko mutumin Goronyo ne, wanda ya ga ambaliyar watan Satumba na 2010, sa'ad da ruwan Rima ya cinye ƙauyuka, gidajen ƙasa suka narke kamar gishiri. In ya sami kuɗi bulo zai saya, wa zai ce masa a'a? Ba mu ce kowa ya zauna a ɗakin ƙasa a bakin fadama ba. Maganarmu a kan 'yan gine-gine ne ƙididdigaggu, waɗanda ke ɗauke da tarihin gari. Na biyu shi ne wanda zai ce, mutanen Gandi da ƙauyukan Goronyo sun sha gudu daga 'yan bindiga, an kai hari ƙasar Rabah cikin 2018, an kai kasuwar Goronyo cikin Oktoba 2021, ku kuwa kuna zancen bango. Wannan ya fi nauyi, rai kuwa ya fi kowane gini. Sai dai abin da mu ke nema ba ya cin kuɗin tsaro. Littafi guda ne, da ma'auni, da ladan magina na 'yan kwanaki a shekara. Kuma ƙauyen da ya watse, ba mutane kaɗai ke tafiya ba, masallacinsa ma damina biyu ta ishe shi, tsohon da ya san wanda ya gina shi kuma yana can sansanin gudun hijira, in ya rasu labarin ya tafi da shi.

Kada kuma a ce sana'ar ta riga ta mutu. Ƙetaren iyaka kaɗan, a ƙauyen Yama cikin jihar Tawa ta Nijar, wani magini mai suna Falke Barmu ya soma masallacin ƙasa cikin 1962, jama'ar ƙauye suna kawo ƙasa da ruwa da itace, ya yi ta ƙara masa bakuna da hasumiyoyi, har cikin 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan, wadda a ke ba gine-ginen da suka yi fice a ƙasashen Musulmi. Hausawa ne irinmu, ƙasarsu ma ba ta fi tamu kyau ba. A Jenne ta ƙasar Mali kuwa, babban masallacin da aka sāke ginawa cikin 1907 duk shekara gari ke fitowa a yaɓe shi, an mai da aikin kamar salla.

To, ga abin da mu ke ganin ya dace. Kafin 2029 hukumomin cocin Wusasa da Masarautar Zazzau da Gwamnatin Kaduna su haɗa kai a auna ginin a rubuce, a kuma tabbata duk gyaran da za a yi don bikin da ƙasa da makuba za a yi shi, a hannun maginan gargajiya, da samari a bayansu suna koyo. Abin da mu ke tsoro shi ne kwamitin biki ya tara kuɗi, ɗan kwangila ya zo da buhunan siminti da fenti, a yi wa ginin kwalliyar da za ta kashe shi. A namu ɓangaren kuma, Sarkin Sudan na Wurno da sauran hakimai su ne za su buɗe ƙofa, amma aikin na akawu ne da malamin makaranta. Akawun sashen ayyuka ya buɗe rajista, gini ɗaya shafi ɗaya, ya sa tsawo da faɗi da kaurin bango, da yawan bakuna, da shekarar da aka yi yaɓe na ƙarshe, da sunan mai riƙe da mabuɗi, sa'an nan ya yi ƙoƙari a sa ɗan kan kuɗi cikin kasafin shekara, kome ƙanƙantarsa. Malami kuma ya ɗauki 'yan aji shida ran da babu darasi mai nauyi, su je wurin tsohon magini da littafin rubutu, ya nuna musu zanko da indararo da ɗaurin guga da bakinsa. Lissafi ne, tarihi ne, Hausa ce, duk a fita ɗaya. In makarantar tana da fili a gefen fadama, a binne ƙwallon giginya ko ashirin.

Lokacin wannan aiki daga ƙarshen kaka ne zuwa kafin hadarin farko, sa'ad da ƙasa ke bushewa da kyau, magina kuma ba su gona. Muna roƙon masu karatu na Wurno da Rabah da Goronyo da Acida su rubuto wa Edita, su gaya mana ko garinsu yana da Sarkin Magina har yanzu, yara nawa ke koyo a hannunsa, ko akwai wanda ya iya ɗaura bakan gizo a cikinsu, da kuma nawa a ke sayar da azara ɗaya a kasuwarsu bana. Za mu buga amsoshin a wannan shafi yadda suka zo.